Abin da Rariya ta Fito da Shi a Ɗakin Iya

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, Iya dai ta riga mu tafiya. Sarakuwata ce, mahaifiyar matata. Ta cika ran wata Talata da hantsi, a ɗakinta, nan Gure, bayan jinyar wata huɗu. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Duk unguwa an san ba ta da lafiya, amma da labari ya fita sai ka ce ba wanda ya taɓa ji. Matan da suke garka, wato noman lambu, tare da ita a kwari suka shigo da laka a ƙafa, ko wankewa ba su tsaya yi ba. Ɗaya daga cikinsu ta tsaya a tsakar gida tana ta maimaitawa: “Shekaranjiya fa na leƙo ta. Na ce yaya jiki, ta ce da sauƙi. Da bakinta ta ce mani da sauƙi!” Wani tsoho da ya daɗe yana sayen kanwa a hannunta ya zauna a ƙofar gida, ya cire hula ya riƙe har aka fito da gawa. Ƙanin matata, wanda ke aikin soja can nesa, bai samu jana'iza ba. Da na kira shi na faɗa mashi sai ya ce, “Wace Iya?” Na sake faɗa, ya sake tambaya.

Ni kuma ina zaune a tabarmar maza ana yi mani gaisuwa iri biyu, ta mutuwa da ta yabo. “Malam, ko ɗan cikinta ba zai fi ka ba.” “Safe da yamma muna jin kukan motonka, babur ɗin nan bai taɓa fashi ba.” Liman ma, wanda ya roƙi jama'a su yafe mata kafin a yi mata salla, da muka dawo daga maƙabarta ya kama hannuna ya ce da ikon Allah ta tafi ba ta sha wuya ba, albarkacin maganin da na tsare. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin maganar. Na sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, amma na ji daɗi. Kwana biyu na yi ina karɓar wannan yabo.

Ran sadakar uku da safe mata suka ce a gyara ɗakin saboda baƙin da za su zo daga Bune da Gidigir. Ɗakin Iya ba siminti. Rairayi ne a ƙasa, fari, mai laushi, irin wanda ake ɗebowa daga kan tudu, gyaransa kuwa shi ne a tankaɗe shi da rariya a zubar da abin da ya rage. Aka fid da gado. Ƙanwar Iya, wadda muke kira Inna Ƙarama, ta so ta hana, ta ce a bari sai bayan arba'in. Ba wanda ya gane dalilinta, aka ce mata baƙi fa suna hanya. Matata ce ta durƙusa da rariyar.

Ina waje ina shimfiɗa tabarmi na ji ta kira ni da ainihin sunana. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Na shiga da gudu, ban ma cire takalmi ba.

Rairayin ya zube, abin da ya rage a rariya ƙwayoyin magani ne. Wasu suna nan lafiya lau da launinsu, wasu sun kumbura sun kwashi rairayi, da alama sun ɗan jima a baki kafin a fid da su. Ta sake ɗiba daga gefen bango, inda hannun Iya na dama yake sauka in tana kwance, ta girgiza, wasu suka fito. Ta sake ɗiba. Na san ƙwayoyin nan, ba yadda za a yi in kasa sanin su, ni na ɓallo kowace ɗaya daga takardarta, ni na miƙa. Maganin rage zafin ciwonta ne. Da muka ƙirga, arba'in da uku. Biyu ake ba ta a rana. Ke nan sati uku na ƙarshen ranta ba ta haɗiyi ko ɗaya ba, ko kuma, don kada in wuce abin da na sani, ba ni da shaidar ta haɗiyi ko ɗaya.

Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta ce, “La'ilaha illallahu. Ashe da ciwonta ta tafi.” Inna Ƙarama ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Iya, kuma don ina ganin, in ban yi kuskure ba, in aka tuna da ita aka bar rariyar nan, wata mata daban aka tuna. Akwai kuma abin da ya hana ni sukuni tun daga safiyar nan. Liman ya ce mu yafe mata, mun yafe. Ni kuma wa zai gaya mani ko ta yafe mani?

Ni ba ɗan Gure ba ne. Daga Zinder aka turo ni koyar da kimiyya a kolej, na zo da jaka ɗaya, na kama ɗaki kusa da gidanta. Ban yi wata biyu ba masassara ta kayar da ni. Kullum da azahar sai in tarar da ƙwaryar fura a bakin ƙofa, an rufe da faifai, an ɗora dabino biyar a kai. Kwana tara haka. Da na warke na bi bayan ƙwaryar na je godiya, ta ce, “Wace fura? Ƙila aljanun gidan ne, an ce suna son ƴan lakwal.” Haka ake kiran mu ƴan boko a nan. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Na kawo wannan ne don shi ne karo na farko, kuma kusan na ƙarshe, da na ga fuskarta sosai. Bayan shekara biyu na nemi ɗiyarta, daga ran da aka kai goro kuwa aka ja labule tsakaninmu.

Wanda ya san ƙasar nan ya san kunyar surukai, amma ta Iya, a iya sanina, ta fi ta kowa. Ba ta kama sunana. “Baƙonmu” take cewa, har na yi ƴaƴa uku ina baƙo. Ba ta ci, ba ta sha in ina wuri. Wata rana na gangara kwari karɓo albasa, muka yi kiciɓis a ƴar siririyar hanyar da ke tsakanin shuka, sai ta faɗa cikin fangalin albasarta, ta tattake abin da ta yi sati shida tana ba ruwa, ta juya mani baya tana ta jero gaisuwa: “Sannu da zuwa, sannu, yaya gida, yaya aiki, sannu.” Matan garka suka yi ta yi mata tsiya har shekara ta kewayo. Da sun hango moto a kan tudu sai wata ta ɗaga murya: “Ga baƙonku nan, a ceci albasa!”

Matata kuma ɗiyar fari ce. Kakarta ta wajen uba ta riƙe ta tun daga yaye. Iya ba ta taɓa kama sunanta ba, “waccan” take ce mata, kuma ko a gabanta ba ta cin abinci. Kada a ɗauka rashin ƙauna ne. Dabinon farko na kowace shekara, na itacen da ke bakin rijiya, gidanmu yake zuwa, ba saƙo, ba bayani. Da matata ta sha wuyar haihuwar fari, an ce Iya ta yini a bayan katangar gidan likita da carbi, ta ƙi shiga, ta ƙi tafiya, da aka ce an sauka lafiya ta ce, “Wa?” ta kaɗe zanenta ta koma garka.

Rairayin ɗakinta kuwa abin alfaharinta ne. Kowace Juma'a da safe take tankaɗe shi, sai da ciwo ya kwantar da ita ta hana kowa taɓawa, ta ce ba mu iya ba. Kafin kowace sallar idi takan hau tudu da kanta da kwano, ta zaɓi gefen da dabbobi ba su taka ba. Ɗanta ya sha cewa zai sa mata siminti, takan ce siminti na masu gaggawa ne, in allura ta faɗi a kansa sai duk gida sun ji.

Amsarta a kan kowane ciwo ɗaya ce: da sauƙi. Kunama ta taɓa harbinta a garka, sai da ta gama ban ruwa sannan ta zauna ta ɗaure ƙafar. Muna ba da wannan labari muna yaba mata. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa mutumin da ke cewa da sauƙi a kan kunama, maganarsa ba abin auna ciwo ba ce.

Ranar da muka kai ta gidan likita a Zinder, cikin bazara ne, na zauna gaba, ita da matata a baya. Mun wuce Gidigir na ji numfashinta ya canza, sai na tuna tun asuba ba ta sha ruwa ba, kuma ba za ta sha ba muddin muna cikin motar. Na ce wa direba ya tsaya. Na fita, na yafuto matata, muka yi nisa muka tsaya bayan wata aduwa muna kallon daji kamar masu neman ɓataccen raƙumi. Da muka dawo gorar ruwa ta ragu da rabi. Direba ya ce, “Malam, kai kam ka iya surukuta.” Wannan ma na ji daɗinsa. Na rubuta shi nan don kada wani ya yi mani uzuri da cewa ban san halinta ba. Na sani. Na taɓa tsayar da mota saboda shi.

Lokotoro, babban likitan can, ya ce ciwon daji ne, daga nono ya fara, ta ɓoye shi har ya shiga ƙashi. Ba batun warkewa, sai dai a rage mata zafi a gida. Ya rubuta ƙwaya mai ƙarfi, ɗaya da safe, ɗaya da yamma, awa goma sha biyu tsakani. Ya ja mani kunne a kan abu biyu. Na farko, kada a daka ta, kada a tauna, kada a raba. An yi ta ne ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan cikin yini, in aka farfasa ta sai ya fita gaba ɗaya, yana iya tsayar da numfashi. Na biyu, in haɗiya ta fara yi mata wuya a dawo a faɗa, akwai abin da za a canza. Na sayi sabon kaye, littafin rubutu, na rubuta duka biyu a shafin farko. Na farkon na ja mashi layi biyu da jan bik. Na biyun ban ja mashi komi ba. Ban san sau nawa na buɗe shafin nan na duba ba tun ranar rariya.

Tunda ɗanta namiji yana nesa, ni kuma na iya karanta takardar magani, sai abin ya faɗo kaina. Matata ta koma gidan don jinya. Maganin a hannuna yake, saboda tsoron yara ban barin shi can. Bakwai na safe kafin in tafi kolej, bakwai na yamma bayan magariba, in tsaya a bakin ƙofa in yi sallama, in durƙusa, in sa ƙwaya a ɗan faranti in tura ta ƙarƙashin labule tare da moɗar ruwa. In ja baya in juya kai. In ɗan jima in ce, “Iya, an sha?” Ta ce, “Allah ya yi albarka.” Faranti ya dawo wayam, in duba agogo, in sa alama a kaye.

Wata uku, ina jin, abin ya tafi daidai. Takan fito tsakar gida ta yi ɗinkin faifai. Sau ɗaya har ta sa aka kai ta kwari a amalanken jaki, ta yi faɗa a kan yadda aka bar rogo da ƙishi.

Sai ran wata kasuwa Inna Ƙarama ta zo daga Gidigir, inda take aure. Ita ba irin yayarta ba ce. Tana kunyata, ba ta ci ba ta sha a gabana, amma baki kam ba ta rufe shi saboda kowa. Na zo da yamma na tarar da ita a tsakar gida da ɗan turmin yaji a gabanta, ta wanke shi ta goge.

“Malam, kawo ƙwayar nan in daka, a zuba a kunu.”

“Ba a daka ta, Inna.”

“Mene ne ba a dakawa? Kanwa ma da taurinta muna daka ta.”

“Wannan daban ce. Lokotoro ya hana.”

“Yo lokotoro yana Zinder, maƙogwaro yana nan. To a raba biyu.”

“Ko rabawa ba a yi.”

“To a jiƙa ta ta narke, tunda ita ƴar sarauta ce.”

A nan ne na yi abin da na yi. Na ga turmin, na tuna da maganar numfashi, tsoro ya kama ni. Na ɗaga murya, a gaban matata da maƙwabta biyu, na ce wannan ba sassaƙen itace ba ne da kowa zai yi dabararsa a kai, in an kashe ta da turmi wa zai ɗauki alhaki? Har na zaro kaye na nuna mata jan layin, matar da ba ta karatun boko. Ta dube ni, ta dubi kayen. Ta ce, “To, ɗan lakwal. Allah ya ba kayenka lafiya.” Ta ɗauki turminta ta shige ɗakin yayarta. Washegari ta koma Gidigir. Ba ta dawo ba sai kwana huɗu kafin rasuwa, kuma bayan gaisuwa ba ta sake ce mani komi ba.

Har yau, iyakar abin da na fahimta, hana dakawar daidai ne. Majo, babban ma'aikacin jinya na gidan likitanmu, ya tabbatar mani. Da na bari an daka, ƙila da wani rubutun nake yi yanzu wanda ya fi wannan muni. Tambaya ɗaya ce ban yi ba: Inna, me ya sa kike so a daka? Duk tsawon aurenmu, abin da Iya take so daga wurina ta bakin wani yake zuwa. In tana so a gyara danga, ƙanwarta ce za ta zo wucewa ta ce, “Dangar nan kam ta tsufa.” Na san wannan hanya sarai, na sha gyara danga a kanta. Ranar nan Iya ta aiko a gaya mani ba ta iya haɗiya, ni kuma na yi wa ƴar aiken ihu. Labule ne kawai tsakaninmu. Duk abin da na faɗa ta ji.

Alamu sun zo, da hannuna na rubuta su, suna nan a kaye. “Tuwo ya dawo ba a taɓa ba.” “Fura sai an tsinka ta sosai.” “Tari in ta sha ruwa.” Kwana biyu bayan faɗan: “Zufa, rawar ɗari, gudawa. Ƙila masassara.” Na je farmasi na karɓo mata ƙwayar masassara, ita ma na tura ta ƙarƙashin labule. Su ma sun fito a rariya, ban sa su cikin arba'in da ukun ba. Majo ya ce, bai dai rantse ba, mai yiwuwa jikinta ne yake neman maganin da ya yanke mashi farat ɗaya. Ta daina fitowa tsakar gida. Matata ta ce in ta leƙa takan gan ta ta juya ga bango, hannunta a cikin rairayi, tana damƙa tana saki. Muka ce ciwon ne ke ƙaruwa, har na shirya komawa Zinder ƙarshen wata a ƙara ƙarfin ƙwayar. In an tambaye ta, da sauƙi. In na tambaye ta an sha, ta sa mani albarka, in sa alama. Kayen nan ba gurbi ko ɗaya a cikinsa har jajibirin rasuwarta.

Da la'asar ran sadaka, bayan baƙi sun ragu, na tarar da matata zaune da ƙwayoyin a faifai a kan cinyarta. Na zaci za ta zarge ni, har na so ta yi. Sai ta ce, “Kwana ashirin ina kai kunu ina fita don ta samu ta sha. Ina jin tarinta daga madafa, in ce bari in ba ta wuri. Malam, kai ko labule gare ka. Ni fa da ta haifa?” Na ce laifina ne. Ta ce kar in ƙwace mata nata.

Na mai da ƙwayoyin wurin majo, don ba abin bari a gida ba ne. Ya zazzage su a tebur ya daɗe yana kallo. Ya ce da an faɗa da ya kira Zinder. Akwai na ruwa da ake ba kaɗan-kaɗan a gefen baki, akwai na allura, akwai wanda ake sawa ta ƙasa. Ba kullum ake samun su ba, amma da an nema. Ya ce, “Mu ma tambayarmu gajera ce. Mukan ce, yana shan magani? A ce e. Ba mu cewa, wa ya gani?” Ina jin don ya rage mani nauyi ya faɗa. Bai ragu ba.

Ni ba likita ba ne, ba ni da hurumin ba kowa shawara. Abin da zan iya faɗa shi ne abin da ya same mu. Mun yi komi a kan lokaci, amma mutum biyun da ke jinyarta su ne mutum biyun da ba za ta taɓa buɗe baki a gabansu ba. Da mun zaunar da ɗaya daga cikin matan garka, wadda suke cin kwano ɗaya, da a rana ɗaya, ina kyautata zato, an gane.

Mutum ɗaya ne ya san abin da ke ranta a kwanakin ƙarshe, ita ce Inna Ƙarama. Sau biyu na hau moto na nufi Gidigir, sau biyu na juyo daga bakin gari. Ina tsoron ta ƙi magana. Na fi tsoron ta yi.

Ran arba'in, bayan an yi addu'a an raba sadaka, matata ta ce Inna tana kirana. Tana zaune a ɗakin Iya, an cire labulen, an zuba sabon rairayi. Na durƙusa a bakin ƙofa inda na saba.

“Ɗan lakwal, shigo. Cire takalmi wannan karon.”

Na shiga na zauna can gefe. Na daɗe ina shirya tambayar, da na buɗe baki sai ta fito guntuwa. “Inna, kin sani?”

“Ranar turmi na san tana maƙale mata. Ta ce tana tsayawa nan,” ta taɓa ƙasan wuyanta, “kamar ƙwallon dabino, ta yi ta fama har hawaye. Da na shiga na ce ka ƙi, ta ce ta ji. Ta ce a bar shi, shi ya je gaban lokotoro, shi ya san abin da aka ce, za ta ƙoƙarta. Na tafi da fushina, na ɗauka ta ƙoƙarta. Wannan nawa ne, ina ɗauke da shi, kar ka ce naka ne. Da na dawo na gan ta tana tonawa da yatsa.”

“Me ya hana ki gaya mani?”

“Na miƙe zan fito, ta riƙe mani zane. Yayarka na mutuwa ta riƙe maka zane, sai ka fizge? Ta ce, ‘Kwana nawa ya rage? Bar baƙonmu ya cika aikinsa.’ Ta ce kukan motonka ne ke gaya mata ta ga wata rana.”

Na kasa ɗaga kai. Da ƙyar na ce, “Ta yafe mani?”

Inna Ƙarama ta yi tsaki. “Ji shi. Ta ga laifi ne balle ta yafe? Ni ce na riƙe ka a raina, ba ita ba. Ita saƙo ta bari, na yi kwana arba'in ina jin haushin in kai. Ta ce in an tona ɗakin, in roƙe ka ka yafe mata maganin da ta ɓata, an sha wuyar kawo shi daga Zinder.”

Na zo da abin da zan roƙa, aka miƙo mani shi in bayar. Ba zan ce na samu sauƙi ba, don ban tabbata ba. Sati ukun nan suna nan yadda suke.

Sai ta kwance bakin zanenta ta fid da wata ƴar ƙwaya, ta hawan jini da aka ɗora ta a kai. Ta ce in miƙo mata moɗa. Na miƙa, na juya kai ga bango yadda na saba.

“Kar ka juya. Mun ga inda juyawar nan ta kai mu.”

Na juyo. A gabana, karo na farko tun da na shigo gidan nan, ta sa ƙwaya a baki, ta kurɓi ruwa, na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta buɗe baki, ta ɗaga harshe, kunya ta sa hawaye suna zubo mata.

“Duba. Ta wuce?”

“Ta wuce, Inna.”

“To je ka rubuta.”

Shi ne na rubuta. Allah ya sanyaya makwancin Iya, ya haskaka shi, ya sa zafin da ta haɗiye a madadin ƙwayoyin nan ya zama kankarar zunubi, ya haɗa mu da ita inda ba ciwo. Maganin kuwa, Iya, na yafe.